Tawul Ya Riga Kowa Tashi

Kujeru goma sha huɗu ne a bakin kwamin ninƙaya.
Ni ke goge su tun kafin assalatu,
ni Tanimu, da ke taka keke daga Rurum
in zo in yi wa hutun wasu hidima.
Laima shida ce kawai.
Sauran kujerun, rabon rana ne.

Ina tsamo ganyen darbejiya daga ruwa
sai in ji silifa, saɗaf-saɗaf, kamar mai fakon kaji.
Baƙo ne, idonsa bai gama buɗewa ba.
Ya shimfiɗa tawul a nan, tabarau a can,
jaridar jiya a kan ta uku,
warin takalmi a kan ta huɗu,
ya koma ɗaki, ya ja bargo a sanyin inji.

Kafin rana ta leƙo ta bayan dam
duk inuwa ta yi mai ita,
ba mutum ko ɗaya.
Tawul na hutawa. Tabarau na kallon sama.
Ƙadangare ya hau jarida yana gyaɗa kai
kamar ya yarda da labarin.

Mu ma muna kama layi a garinmu.
Jarka kan kwana a bakin tuƙa-tuƙa,
amma jarka ta san iyakarta:
in layi ya zo kanta mai ita na gona,
a matsar da ita gefe, ba faɗa, ba gaba.
Ka bar buzu a sahu ka tafi shan fura,
ana tada iƙama wani ya cike gurbin,
ka dawo ka bi baya, ka yi sallarka.

Ran Asabar wani malamin firamare daga Kibiya
ya kawo gyatumarsa ta ga ruwa.
Inna Tasalla. Sanda a hannu, gwiwa a kumbure.
Ta dubi kujeru, ta dube ni.
Ta ce, masu wurin fa?
Na ce suna barci, Inna.
Ta ce, ashe nan tsumma ke biyan kuɗin ɗaki.
Ta lallaɓa ta zauna a kan siminti,
wanda ko kaza ba ta taka shi da hantsi.

Manaja ya sha gaya mini:
kayan baƙo ido ne, ba a sa masa yatsa.
Na ji. Na kuma ji gwiwar nan tana ƙara.
Na ninke shuɗin tawul na ɗaki bakwai
ninki huɗu, kamar kayan sallah,
na ɗora shi a tebur, na ce bismillah, Inna.

Ta miƙe ƙafa. Jikoki na watsa ruwa.
Har gyangyaɗi ya fara ɗibarta.

Sai bayan azahar Injiniya Nasidi ya fito,
tsinken sakace a baki, waya a kunne.
Wa ya taɓa mini wuri?
Na ji albashina yana tattara komatsansa.

Inna ta buɗe ido ɗaya.
Ta ce, ɗana, tawul ɗinka ya kwanta tun asuba,
na ga ya ƙoshi, na karɓe shi.
Ta janye ƙafa. Ga gefe, zauna.

Bai zauna ba. Bai yi dariya ba.
Ya ɗauki tawul ya rataya a wuya,
ya tsaya yana kallon ruwa
kamar wani abu nasa ya faɗa ciki.

An yanke mini ɗari biyar a wannan watan.

Washegari, ina tsamo ganye,
na ji silifar nan, saɗaf-saɗaf.
Ya shimfiɗa tawul a kujera ɗaya.
Ya tsaya da warin takalmi a hannu,
ya dubi ta biyu, ya dube ni,
ya sa takalmin a ƙafarsa.